Gwiwar Hannun Auta

Ƙanina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa da zan ɗauke ka daga kan aikinka. Na san karatu ya sha maka kai, kuma ba halina ba ne in dame ka da abin da zan iya haɗiyewa ni kaɗai. Wannan ne ya ƙi haɗiyuwa. Na so in kira ka a waya, sai na tuna idan raina ya ɓaci muryata rawa take yi, kai kuma gwanin katse mutum ne tun kana ƙarami. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar baban yara ta yi sauƙi, har ya koma shago, sai dai ba ya daɗewa a tsaye.

Maganar Auta ce. Ka san yadda na yi ta ja da baya kafin in yarda ta shiga ƙwallon kwando, har babanta ya kafa mata zobe a bangon tsakar gida, ni kuma na ɗinka mata kayan da hankalina zai kwanta da su. Abin da ya sa kocinsu ya riƙe ta shi ne jifan nan na kan layi, wanda idan an yi wa 'yar wasa ƙeta alƙalin wasa yake ba ta ƙwallo ta jefa babu mai tare ta. Auta ba ta cika zubar da shi ba. Na sha ganin tana jefawa tana surutu da ƙawarta, ƙwallon ya faɗa ciki kamar an aike shi. Ƙarshen wata mai kamawa masu zaɓe za su zo su ɗebi 'yan matan da za su shiga babbar ƙungiya, kuma koci ya sa sunanta. Yarinyar nan ba ta da zancen da ya wuce wannan.

Ni ce na ce ga kawunta can yana karatun yadda jikin ɗan wasa yake koyon abu, me zai hana ya duba ta. Babanta ya ɗauke ta a waya muka tura maka. Kai kuma ka aiko da takarda shafi-shafi, da hotunanta ka zagaye da jan biro: gwiwar hannu tana buɗewa waje, ƙafafu ba sa lanƙwasawa tare, tsintsiyar hannu tana saurin saki.

Ban yi wasa da wahalarka ba. Kullum bayan la'asar, idan matan da nake ɗora wa karatu sun watse, sai in ɗauko kujera in zauna a bayanta da takardar a cinyata. Duk jifan da ta yi sai na gaya mata inda ta kauce. Ko ya shiga, idan gwiwar ta buɗe, cewa nake ta sake. Allah shaida ne ban bar ko ɗaya ya wuce ba.

To ga abin da muka samu. Yanzu ƙwallon bakin zobe yake duka ya dawo, wani lokaci ko zoben ba ya taɓawa. Jiya cikin bahon wanki ya faɗa. Yarinyar da take jifa tana dariya ta koma tsayawa tana kallon hannunta kamar na aro.

Ba na son in zarge ka da abin da ban tabbatar ba. Amma ko dai lissafinka ne bai yi daidai ba, ko akwai abin da ka rage ba ka rubuta ba. Ka duba ka gaya mini.

Yayarka.

*

Ƙanina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu duka lafiya, ban da abin da ka sani.

Shiru ban ji daga gare ka ba. Na kira mai ɗakinka, ta ce ka yi tafiya da 'yan wasan da kuke gwaji a kansu. Allah ya dawo da kai lafiya. Na yi ta ƙoƙarin kyautata maka zato, amma ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo a ce kana can kana gyara 'ya'yan mutane, taka ta gida ka warware ta ka kama hanya.

Ranar Asabar sun yi wasa da wata makaranta, na je. Aka yi mata ƙeta, aka miƙa mata ƙwallo. Ta tsaya a layi ta ɗaga hannu, ta sauke, ta dubi gwiwarta, ta sake ɗagawa. Haka ta yi ta riƙo har alƙalin wasa ya busa ya karɓe, wai lokacinta ya ƙare. Magoya bayan waɗancan suka kwashe da dariya. Wata ma cewa ta yi a kawo mata kujera ta zauna ta gama tunani. Ina zaune a cikinsu, ban san inda zan sa fuskata ba.

Washegari koci ya zo har gida. Ko ruwa bai sha ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Malama, wa ya taɓa mini hannun yarinyar nan?" Na nuna masa takardarka. Ya ɗan jujjuya ta ya ce shi bai san abin da ya haɗa shi da masu ilimin ofis ba, waɗanda ba su taɓa yin gumi a fili ba. Na ce masa kada ya sake faɗin haka a gidana, ƙanina ya san abin da yake yi. Ka ji, ni da nake fushi da kai, ni ce na tsaya ina kare ka. Ya ce to, idan hannun bai dawo ba zai cire sunanta ya sa wata, don ba zai kai ta gaban masu zaɓe ta ji kunya shi ma ya ji ba.

Tun da ba ka amsa ba, na yi abin da na iya. Na ƙara mata lokaci, yanzu har da safe muke yi kafin ta tafi makaranta. Ta fara ce mini, "Umma, don Allah," tana hawaye. Na ce mata babu abin da ake samu da don Allah a wajen gyara. Amma abin sai ƙara taɓarɓarewa yake yi, ni kuma dabarata ta ƙare.

Idan ka raina mu ne ka faɗa, mu san inda muka tsaya.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu tare. Inda muka je babu hanyar saƙo, ba raini ba ne. Na ji daɗin labarin ƙafar Yaya babba, maigidanki, a gaishe shi. Mu ma lafiya lau.

Sai da na karanta ta biyun na ajiye, na zagaya ɗaki, kafin in iya zama in amsa. Yaya, me kika yi haka? Takardar nan ba ta Auta ba ce, ba taki ba ce. Irin wannan koci ake kai wa ya ajiye, idan an gama gasa ya san yadda zai shigar da gyaran a hankali. Kowa ya san haka.

Bari in gaya miki abin da ya faru da ita. Sabon mai koyo dole ya yi tunanin kowace gaɓa, ina ƙafa, ina hannu. Idan ya daɗe yana maimaitawa sai jiki ya karɓi aikin, kai ya huta. Shi ya sa take jifa tana surutu, wannan surutun shi ne alamar abin ya zauna. Da kika sa ta kallon gwiwarta, sai kai ya ƙwace aikin daga hannun jiki, shi kuwa kai nawa gare shi, kafin ya gama lissafi jifan ya lalace. Muna gwada wannan a wurinmu. Mu raba 'yan wasa gida biyu, mu ce wa waɗannan su lura da hannunsu, waɗancan su lura da bakin zobe kawai. Galibi masu kallon zobe su ne suke fi, kuma su ne abin bai cika kuɓuce musu ba idan ido ya yi yawa.

Na biyu, wanda ake yi wa gyara a kowane jifa daina jin kuskurensa yake yi da kansa, ya koma jiran murya daga baya. A fili kuwa babu muryar. Abin da ta tsaya jira ke nan ranar Asabar har aka busa. Na uku, duk wanda aka sauya wa salo sai ya yi baya kafin ya yi gaba, shi ya sa ba a taɓa hannun ɗan wasa gab da zaɓe.

Ke ma kin san wannan ta wata ƙofar. Cikin matan da suke ba ki hadda, ki sami wadda surar ta zauna mata, tana cikin tafiya ki tsayar da ita ki ce ta riƙa lura da inda harshenta yake taɓawa a kowane harafi. Ki ga ko za ta kai ƙarshe.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki ɓoye takardar. Ki ɗauke kujerar. Kada ki ce mata komai a kan jifa, ko yabo ne. Ta kira ƙawayenta su yi wasa irin na da, ta jefa daga nan ta jefa daga can, da surutunsu da komai. Idan ta zo layi ta buga ƙwallon a ƙasa yadda ta saba, ta dubi zobe, ta saki, kada ta tsaya. Ban yi miki alkawarin zai dawo kafin zaɓe ba. Kin mai da tsakar gida aji, kin mai da 'yarki mai laifi safe da yamma, wannan ba ya gogewa a kwana biyu.

Ki gafarce ni idan na yi zafi.

Ƙaninki.

*

Ƙanina,

Saƙonka ya iso, na gode Allah da ka dawo lafiya. Baban yara yana amsawa.

Ka ce kowa ya sani. Wane ne kowa? Ni ban sani ba, babanta bai sani ba, Auta ba ta sani ba. Sunana ne a bayan ambulan, ba na koci ba. Na sake bin takardar daga farko har ƙarshe ina neman inda ka ce a kai wa wani, ko inda ka ce a jira. Babu. Ka sami wurin zana kibiya a kan yatsan ƙafarta, ba ka sami wurin layi ɗaya ba.

Kuma ba baƙuwa ka aika wa ba. A gabana ka koyi baƙi da wasali, ka san ni. A inda na taso, wanda ya ji kuskure ya yi shiru shi ma ya ɗauki alhaki, domin kuskuren da aka bari ya kwana a bakin mai karatu sai an sha wuya kafin ya fita. Da haka aka koyar da ni, da haka na koyar da kai, ban ga ka lalace ba. Ka ɗauki takarda cike da jan biro ka ba irina, me kake zaton zan yi da ita? In sa ta a ƙarƙashin filo? Kai da kake karatun yadda mutum yake koyo, ba ka yi tunanin wadda za ta buɗe ambulan ɗin ba.

Misalin da ka kawo na hadda, don kada in ƙaryata abin da ban gwada ba, na gwada shi a kaina. Gaskiya ka faɗa. Surar da nake karantawa tun ban yi wayo ba, sai ga ni ina tuntuɓe a tsakiyarta. Na yi istigfari na sake daga farko. Na karɓi wannan. Abin da ban karɓa ba shi ne ka ce na mai da 'yata mai laifi. Ni na ɗauki cikinta, ni na yi jinyarta lokacin da kake can kana buga ƙwallon tsumma a lungu. Ba ka da bakin gaya mini haka.

Duk da haka na bi abin da ka ce. Takardar tana ƙasan akwati. Idan Auta ta ɗauki ƙwallo sai in shige kicin, tagar kuma tana kallon tsakar gida, don haka na rataya mata zane. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Rannan na fito kwashe shanya na ga gwiwar a buɗe, bakina ya riga ni, har na fara faɗa na cije. Ta ji. Ta ajiye ƙwallon ta shiga ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai magariba.

Ƙawayenta biyu suna zuwa yanzu, gida ya cika da ihu. Sun sa wa wadda ta zubar hukuncin yin tsallen kwaɗo, ita ma ta sha yi, na ji tana dariya. Babanta ya ce ƙwallon ya fara shiga, koci kuma ya bar sunanta. Amma na lura da wani abu. Ba ta ɗaukar ƙwallo sai ta leƙa ta ga ina nake. 'Yata ce take leƙena kamar mai gadin makaranta. Wannan a cikin gwaje-gwajenku ne, ko shi ma kowa ya sani?

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke.

Na karanta, na amsa laifina a kan layin da ban rubuta ba. Na zauna na tsara takardar nan kamar wadda zan miƙa wa malamina, ina so ki ga ƙaninki ya san aiki. Ban tuna da wadda za ta karanta ba. Maganar mai laifi ma na janye ta, ki yafe. Sauran ban janye ba, don gaskiya ce, kuma gwiwar nan wata rana sai an gyara ta idan tana so ta yi nisa.

Leƙen da take yi miki zai ragu idan kika ci gaba da shiru. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar zaɓe kada ki yanke wa kanki zuwa ko rashin zuwa, ki tambaye ta. Duk abin da ta ce ki yi shi, ko bai yi miki daɗi ba. Da safen kuma ban da nasiha mai tsawo. Na san ki.

Ƙaninki.

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Na yafe abin da ka nemi a yafe.

Na tambaye ta kamar yadda ka ce. Ta sunkuyar da kai ta ce in zauna a gida in yi mata addu'a. Na ce to. Da safe na ba ta abin kari, na gyara mata ɗankwali, ban ce komai ba sai Allah ya ba da sa'a. Babanta ne ya raka ta da ƙafar tasa.

Ba a ɗauke ta ba.

Babanta ya ce da farko komai ya tafi daidai. A cikin wasa, inda babu lokacin tunani, ta yi gudu ta jefa ta ci, har ɗaya daga cikin masu zaɓen ya tambayi koci 'yar wa ce. Sai a ƙarshe aka jera su a layi, kowacce ta yi jifanta ita kaɗai, fili ya yi tsit. Wani mutum ya matso gefenta da takarda da biro yana rubutawa. Na farko ya shiga. Daga nan ta fara ɗagawa tana saukewa. Sauran duk baki suka daka.

Da suka dawo ban tambaye ta ba. Ita ce ta same ni ina ninke kaya ta zauna a bakin gado. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi. Ta ce, "Umma, da na ga mutumin nan da takarda, muryarki na ji a bayana tana cewa gwiwa."

Ina gida fa, Ƙanina. Ko ƙofa ban leƙa ba. Na rufe bakina kamar yadda ka ce, ashe na makara.

Ban san da wa zan yi fushin ba, don haka ina yi da mu duka biyu, kuma ban huce ba. Kai ka aiko da abin da ba ka faɗi yadda ake riƙe shi ba, ni na riƙe shi yadda na iya, ita da ba ta roƙi kowa komai ba ita ta tsaya a gaban mutane ta ji kunyar.

Koci ya zo jiya, wannan karon ya zauna. Ya ce shekarunta za su ba ta damar zaɓe ɗaya nan gaba, daga shi ta wuce. Ya ce tun da an riga an tayar da gwiwar, gara a gyara ta yanzu da babu gasa a gaba, shi kuma ba zai ƙi a taimaka masa ba idan mai taimakon zai taka fili da ƙafarsa. Na gaya wa Auta. Ta ce ita ba ta son takarda, ba ta son waya, kuma in yi haƙuri ba ta son ni a wurin. Idan kawu zai zo da kansa ya tsaya tare da koci, za ta sake gwadawa. Idan ba zai zo ba, a cire zoben daga bango.

Na san hutunku ya kusa, na san kuma kana da abin da ka shirya yi da shi. Ban taɓa roƙonka ka bar naka don nawa ba, yau na roƙa. Ɗakin baƙi a share yake. Idan ka zo ba za ka ji bakina a kan jifa ba, zan yi zamana a cikin ɗalibaina.

Babanta ya ajiye guduma a bakin taga yana jiran abin da za a ce masa. Ka amsa mini da wuri, za ka zo ko ba za ka zo ba.

Yayarka.